Nahawu Ba Ya Cika Tukunya, In Ji Ku

To, masu musu, ku matso kusa, yau da ku nake. Wanda ke riƙe da kofin shayi ya ajiye tukuna, kada dariya ko haushi su sa ya ƙware.

Laifina ne da na buɗe baki. Na iso majalisarmu ta wurin mai shayi bayan sallar isha'i, aka tambaye ni abin da ya hana ni fitowa daren jiya, ni kuma don tsabar gaskiya na ce zama na yi da 'yar ƙanena, 'yar aji biyu a babbar sakandare, muna fama da aikin gida na Turanci. Rabinsa nahawu, rabinsa adabi: a gyara jimloli goma, sannan a fito da jigon wani wasan kwaikwayo na Shekisfiya. Ban rufe baki ba benci ya ɗauki girgiza.

Alhaji mai taya ne ya fara. Ya ce, "Malam, yanzu da gemunka da furfurarka? To shi Shekisfiyan nan, nawa ake sayar da buhunsa a Dawanau?" Direban da ke gefensa ya ce tun yana firamare ake rera masa cewa suna shi ne sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu, ga shi yau shekara talatin yana bin hanyar Kano zuwa Legas, ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa tare shi ya tambaye shi ma'anar suna ba. Malam na'ibi kuwa tasbaha kawai ya ja, ya ce, "Tatsuniyoyin Nasara. Allah ya shirya." Na san da yawanku da ke karanta wannan a layinsu kuke, kuna gyaɗa kai. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. To ga shi nan zan zuba a ƙasa.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai zan fara, tunda kai ne ka fi kowa ƙarar dariya. Ka ce ba ruwanka da nahawu. Jiya da bakinka na ji ka ce wa yaron shagonka, "Na sayi taya." Da ya tambaye ka wacce, ka ce, "Waccan, na saye ta." Da rigima ta tashi ka ce, "Ai ka san tayar da na saya." Sayi, saye, saya. Aikatau ɗaya, ka canza masa wutsiya sau uku cikin minti biyu, kuma ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. In suna ya biyo baya ka ce sayi, in wakilin suna ne ka ce saye, in ba abin da ya biyo ka ce saya. Wa ya koya maka? Ba a nan ka tsaya ba. Ka san bambancin wanda ya sayo da wanda ya sayar, ka san kayan da suka sayu, ka kuma san ɗan kasuwar da ya saye kayan kaf ya bar ku da hamma. Wani Bature mai suna Parsons, malami a Jami'ar Landan, sai da ya shafe shekaru yana sauraron irin bakinka kafin ya fito a 1960 ya ce aikatau na Hausa ya kasu aji bakwai. Har yau ɗaliban Hausa a jami'o'inmu na zufa a kan azuzuwan nan bakwai. Kai kuwa kana yawo da su a aljihu tare da goro, kana cewa nahawu aikin banza ne.

Ka tuna ranar da wani baƙo ya leƙo shagonka ya ce, "Alhaji, matarka ya zo"? Kwana uku ka yi kana ba da labarin, har da kwaikwayon murya. Me ya ba ka dariya? Mutumin ya isar da saƙo sarai, ka gane wadda ta zo. Abin da ya yi kawai shi ne ya haɗa mace da wakilin sunan namiji. To wannan dariyar taka ita ce dariyar da mai duba takardar jarrabawa yake yi in ɗanka ya rubuta "he go" a inda ake son "he goes". Bambancinku ɗaya ne: kai da haƙora kake yi, shi da jan biro.

Ku kuma da kuke ce wa yara Turanci wuya gare shi, ku ji tsoron Allah. Bature in zai yi jam'i, galibi harafi ɗaya yake liƙawa a ƙarshe ya wuce abinsa, 'yan tsirarun kalmomi ne ke yi masa gardama. Mu fa? Doki dawaki, akuya awaki, tunkiya tumaki. Ka ce to ka gano hanya, sai a kawo maka sa, ka ce me? Shanu. Gida gidaje, jirgi jirage, ƙasa ƙasashe, dutse duwatsu, takobi takubba, zuciya zukata, mace mata. Yaron da ya haddace wannan rikici kafin ya shekara shida, ba tare da allo ko bulala ba, shi ne za ku ce ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauki ɗan harafi guda ba? Ga kuma wata riba da ba ku taɓa lissafawa ba. Bayarabe da Inyamuri ba su da bambancin shi da ita a wakilin sunansu, kalma ɗaya ce ke ɗaukar namiji da mace, don haka sai sun koyi raba su in sun zo Turanci. Ɗan Bahaushe da rabon ya tashi. Har cikin kai da ke ya raba, abin da Baturen kansa ya kasa.

Kada ku ce na zama lauyan Turanci. Ni ma ina da ƙorafi a kansa, kuma ya fi naku nauyi. Harshe ne da zai dubi sarki, da jariri, da surukarka, da taron mutum dubu, ya kira su duka da kalma ɗaya, "you". Ina ladabi a nan? A zamanin Shekisfiya suna da wata kalma daban ta mutum ɗaya, suka yi sakaci ta ɓace. Rubutunsa kuwa sai addu'a: a jera maka "though" da "through" da "tough" da "cough", wutsiyarsu iri ɗaya sak, amma kowacce da inda ta nufa in an zo furtawa. A rubuta wuƙa da harafin k a gaba, a ce kada ka kuskura ka furta shi. To me ya zo yi? Rakiya? Abin da ya fi ba ni dariya ma shi ne takardar gwajin furuci ta WAEC, wadda ake amsawa da fensir, shiru, kowa baki a rufe, in ka yi motsi da leɓe mai gadin jarrabawa ya harare ka. Duk na yarda. Sai dai mu ma mu dubi namu: gari na zama da gari na tuwo, a rubuce ba ka raba su. Fari na launi da fari na rashin ruwa, haka. Kowane harshe da irin haukansa, naka ne kawai ba ka gani don a cikinsa aka yi maka wankan jego.

Allah gafarta Malam, yanzu na juyo gare ka, da ladabi, na cire takalmi. Kalmar nahawu ɗin nan da muke ta ja, daga ina ta zo mana? Ba daga zaurenku ba? Ba ku ne kuka zaunar da mu a kan buzu muka haddace Ajrumiyya ba, ɗan littafin nan na malamin birnin Fas wanda ya rasu a 1323? Wanda ya yi nisa ya shiga Alfiyyar Ibn Malik, baiti dubu, ba komai a ciki sai dokokin jimla. Shekara nawa Zaidu ya yi yana bugun Amru a cikin misalan nahawun Larabci, ba wanda ya taɓa zuwa rabo, ba kuma wanda ya ce ɓata lokaci ne? Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, da duk hidimar jihadi da mulki da ke kansa, ya zauna ya tsara Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, ya tsara Hisnur Rasin a kan sarfu. Ka ce tatsuniyoyin Nasara. To a zaure ba a karanta waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, irin su Imru'ul Ƙaisi, mutanen da ko sallah ba su sani ba? Ba a karanta Muƙamatul Hariri, labarai hamsin na wani tsohon ɗan duniya mai suna Abu Zaid, wanda sana'arsa damfarar jama'a da zaƙin baki? Malamai ba don su koyi damfara suke karanta shi ba. Harshen suke bi, don sun san wanda bai ƙoshi da adabin harshe ba, ba zai gane zurfin maganar da aka yi da shi ba. Dokar da ta halatta Abu Zaid a zaure, Malam, ban ga yadda za ta haramta Shekisfiya a aji ba.

Bari ma in ba ku labarin wasan da ya hana ni fitowa, ku yi hukunci da kanku. Sunansa A Midsummer Night's Dream, yana cikin jerin littattafan da WAEC ta sa na 2021 zuwa 2025, kuma an rubuta shi fiye da shekara 400 da suka wuce. Wani dattijo ne a birnin Atina na ƙasar Girka ya ja 'yarsa har gaban sarki ya kai ƙara: ya ba ta miji, ta ce ba ta so, akwai wanda take so. Sarki ya ce doka a fili take, ko ta bi zaɓin uba, ko a kashe ta, ko ta haƙura da aure har abada. Yarinya da saurayinta suka gudu daji cikin dare. Wanda aka ba shi ita ya bi sawu. Shi kuma akwai wata da ke mutuwar sonsa, yana wulaƙanta ta, ita ma ta bi shi. Ashe dajin na aljanu ne, kuma sarkin aljanu da matarsa ba sa ga maciji a lokacin, rigima suke a kan wani yaro da kowa ke son ya riƙe. Sarkin aljanu na da wani haɗi, ruwan wata fure, in an ɗiga wa mai barci a ido, duk abin da ya fara gani in ya farka shi zai so kamar ransa. Ya aiki yaronsa, wani shaƙiyyin aljani, yaron ya je ya ɗiga wa wanda ba shi aka nufa ba. Ita kuwa matar sarkin aljanu, da ta farka, wa ta fara gani? Wani masaƙi mai surutu da aljanin ya mayar wa kai na jaki. Ta rungume shi tana yi masa kirari, hadimanta na sosa masa kai, shi kuwa gogan dusa da harawa kawai yake nema.

Auren dole, gudun daji, aljanu, kwallin mallaka, boka ya yi kuskuren aiki, mutum ya koma jaki. Don Allah wanne ne baƙo a nan? Da a Kano aka shirya shi fim, da kun kalle shi har kashi na huɗu kuna zagin mai ɗauke wuta. Ina ba da labarin nan a majalisa na ga Alhaji ya daina kaɗa cokali.

Sauran littattafan jerin ma haka suke. Wuthering Heights, wanda Emily Bronte ta fitar a 1847, shekara ɗaya kafin ta rasu tana da shekara 30, labarin tsintacce ne. Maigida ya je Libaful, garin nan da kuke rantsuwa da ƙungiyar ƙwallonsa, ya tsinto yaro a titi ya kawo gida. Ɗan gida ya tsane shi, 'yar gida ta so shi, amma da aure ya zo ta zaɓi ɗan masu hali. Yaro ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗi da baƙar zuciya, ya bi gidajen biyu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe. Hajiya, ke da kike cewa a bar yara da karatun da zai amfane su, littafin da kike saurare a waya kina yankan alayyahu, ba wannan ba ne da sunayen Hausa? Na Wole Soyinka kuwa, The Lion and the Jewel, ya fi kusa da gida. Malamin makaranta mai dogon Turanci yana son kyakkyawar ƙauye amma ya rantse ba zai biya sadaki ba, wai ƙauyanci ne. Dagaci mai shekara 62 ya aika uwargidansa ta nemo masa ita, da aka ƙi shi ya baza jita-jitar cewa ƙarfinsa ya ƙare. Yarinya ta tafi yi masa dariya. Ba zan ƙarasa ba, akwai yara a wurin, amma malamin makaranta da ƙamus ɗinsa ya kwana.

Sunayen da ke firgita yara a darasin adabi kuwa, duk kayan gidanmu ne aka sa wa kwat. Wanda ya ce Kano tumbin giwa, siffantawa ya yi. Wadda ta ce wa kishiyarta baki kamar gidan tsutsa, kamance ta yi. Gizo da Ƙoƙi da ke aure da noma da ƙarya, mutuntarwa ce tun muna kan cinyar kaka. Narambaɗa da ya wasa kansa a Bakandamiya har ya wuce inda ɗan Adam ke tsayawa, kambamar zulaƙe ke nan. Habaici da gugar zana kuwa, a shiga gidan mata biyu ranar girki a ga farfesoshi. Abin da malamin adabi ke nema wurin yaro bai wuce ya ga abin a cikin Turanci ya nuna shi da yatsa, ya faɗi sunansa, ya faɗi aikin da ya yi a wurin ba. Na gwada da 'yar ƙanena. Ta yi rabin awa tana zare ido a kan kalmar jigo, ta haddace ma'anarta da Turanci tsaf amma ba ta san me za ta rubuta ba. Na ce ta rufe littafin ta je ta ba kakarta labarin da Hausa. Tana gamawa tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Oh ni! So dai makaho ne, kuma iyaye su daina dole." Na ce wa yarinya, ɗauki biro, ga jigo biyu an ba ki kyauta, saura ki kawo hujja daga cikin wasan.

A nan ne zan ba ku rabin gaskiya, don kuna da ita. Yadda ake koyar da abin a makarantu da yawa ya isa ya sa mutum ya tsane shi. Yaro ya gama sakandare bai taɓa riƙe littafin da za a tambaye shi a kai ba, sai 'yar ƙasidar taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta, ya haddace sunayen taurari kamar jerin gwanon 'yan ƙwallo. A nahawu a ba shi ma'anar aikatau ya rera, amma ba a taɓa ce masa ga shi nan a bakinka ba. Malami ɗaya ma da zai tsaya ya ce, "Kun ga bambancin na ga mota da na ga motar? To shi ne aikin 'a' da 'the'," da ya rage wa aji kukan shekara guda. Yanzu kuma ga waya ta shigo, yaro ya ɗauki hoton tambaya, na'ura ta rubuto masa amsa da Turancin da ko shugaban makarantar bai iya ba, ya kwafe har da abin da bai iya furtawa. Wannan ba aikin gida ba ne, aikin waya ne, kuma ranar jarrabawa a bakin ƙofa ake karɓe ta. Amma in tuwo ya yi gudaji, mai tuƙi ake yi wa magana, ba a rantse an bar cin dawa.

Tunda kun ce sai an yi maganar tukunya, mu yi. Ɗanka ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya ci komai, in bai samu aƙalla C6 a Turanci ba, jami'a sai dai ya hango ta daga titi. JAMB, wadda aka kafa a 1978, kowane fanni yaro zai nema, takardar Turanci dole ce, kuma shekarun nan har da littafin labari ake haɗa masa. The Life Changer da yaranku suka yi ta fama da shi, Khadija Abubakar Jalli ce ta rubuta, kuma yawancin labarin a jami'ar Zariya yake faruwa. Mai son 'yarsa ta zama lauya, ya sani sai da adabin Turanci a takardarta. Direba kuma, gaskiya ne ɗan sanda bai tambaye ka ma'anar suna ba, amma takardar da ka sa wa hannu ranar da ka karɓi mota biya-sannu, da wane harshe aka rubuta ta, kuma wa ya karanta maka? Darasin nan na karanta shafi a amsa tambaya, da na taƙaita dogon zance a jimla biyar, shi ne ke hana a sayar da mutum yana tsaye yana murmushi.

Alhaji, ka tambayi farashin buhu. A 2016 Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG da littafinsa Season of Crimson Blossoms, labarin Hausawa da Turanci, aka ba shi dala 100,000. Kai ne mai kalkuleta, ka buga mana buhu nawa ke nan. Ban ce kowane yaro zai samu ba, yawancin marubuta da bashin mai shayi suke kwana, ni shaida ne.

Masu tsoron kada Turanci ya cinye Hausa kuwa, ku dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malamin makaranta ne, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar a gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a farkon shekarun 1930. Shi ne kuma ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a 1961, ya yi Turancin da masu harshen suka yi tsit. Ɗaya bai kori ɗaya ba. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shekisfiya Hausa ya kira shi Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell ya zama Gandun Dabbobi. Da ba su zauna sun yi aikin gidan da kuke yi wa dariya ba, da Hausa ba ta samu waɗannan ba.

Yarinyar dai ta kai aikinta, an ba ta bakwai cikin goma. Ukun da ta rasa, biyu a nahawu ne, kuma ɗaya daga cikinsu ni na ba ta amsar da ƙarfin hali, don haka ba sai kun tona ni ba, na tona kaina.

Da muka tashi daga majalisa a daren nan, Alhaji ya bari kowa ya watse, sannan ya biyo ni har bakin lungu, ya rage murya ya ce, "Malam, wai ita yarinyar nan, a ƙarshe an bar ta ta auri wanda take so? Shi kuma mai kan jakin ya warke?" Ban gaya masa ba, ku ma ba zan gaya muku ba. Alhaji, 'yarka ajinsu ɗaya da tawa, littafin yana cikin jakarta. Yau in ka koma gida ka rage ƙarar rediyo, ka ce ta karanta ta fassara maka. Shayin gobe kuma kai za ka biya, da ƙwai biyu.